Giginya Da Rumbun Gero

Kai da kake cewa in akwai ƙarfi an gama magana, zauna ka ji abin da ya sami wani manomi a garinmu. Wata tsohuwar giginya ce ta karkata kan rumbunsa, rumbun kuwa shi ne cin iyalinsa har kaka, ga damina ta kankama. Ya kira mai sara, ya tara ƙarti goma sha biyu, aka hau aka ɗaura igiya can wuyan giginya don a janye ta daga kan rumbun. To, inda ya kamata masu ja su tsaya, can nesa, gonar maƙwabcinsa ce, su kuwa shekara biyu suna gaba. Wai shi ya fi ƙarfin ya roƙi hanya. Sai ya cusa mutanensa dab da gindin bishiyar, igiya ta sauko kusan manne da jikinta. Wani tsoho mai haƙar rijiya ya zo wucewa, ya tsuguna ya auna daga gindin zuwa inda igiyar ta fi kusa da shi. Kamu biyu kacal. Ya ce, "Maigida, bari. Ba tsayin inda ka ɗaura ke juya bishiya ba, wannan tazarar ce. A haka ƙasa kuke jan ta, ba gefe ba. In kun ja da baya sosai, mutum huɗu ma sun isa." Manomi ya ce baba ya je ya ji da rijiyarsa.

Gatari ya ci, ya ci, giginya ta fara kuka. Ina cikin masu jan nan, kuma wallahi mun ja har igiya ta saɓule mana fatar tafin hannu, jijiyoyin wuya duk sun tashi. Ko gezau. Giginya ta bi inda ta karkata, ta ɗaga mutum biyu sama ta watsar, igiya ta tsinke, bishiyar ta raba rumbun gida biyu kamar an taka ƙwarya. Dammunan gero suka tarwatse cikin taɓo, hadari kuma ga shi ya haɗo. Muka ɗauki salati. Matar manomin ta fito da faifai a hannu ta zube a wurin, shi kuwa yana tsaye riƙe da guntun igiya, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.