Jan Makunnin Motar Baba

Karo na huɗu ke nan Zuwairatu tana ɗaga ɗan jan makunnin, kuma karo na huɗu ke nan motar tana ci gaba da gurnaninta kamar ba da ita ake ba.

Motar ta mahaifinta ce, Malam Babandi, tsohon malamin gona. Ja ce, ƙirar Ingila, kujera biyu, ba rufi. Ya saye ta a hannun wani Bature tun kafin Lafia ta zama babban birnin jiha. Shekara ashirin da biyar tana jibge a rumfar gonarsu ta Adogi, kaji suna saka ƙwai a kujerar direba. Da idanun tsohon suka fara dusashewa, wata rana cikin hira ya ce ba abin da yake kewa kamar iskar motar nan. Washegari Zuwairatu ta sa aka jawo ta a ɓoye zuwa garejin wani makanike, Aondoaver, da ke hanyar Shabu. Ranar Asabar ɗin da zai cika tamanin take so ta mayar masa da abin da ya ba ta tana 'yar shekara bakwai.

Abin kuwa shi ne obadaraif, wata ƙarin giya da ke bayan ta huɗu, wadda da makunni ake sa ta. In sun taso daga gona suka kai wata bishiyar ɗorawa a kan tudu, sai Baba ya ce, "Uwata, yanzu." Ita ke ɗaga makunnin, don daidai gaban kujerarta yake. Nan take ƙarar inji ta faɗi, motar ta yi sakayau ta miƙa, ɗankwali ya tashi sama, ita kuma ta yi ta ihun daɗi har ƙasan kwari. Ta shiga jirgin sama sau da yawa bayan ta girma, amma ba wanda ya kama ƙafar wannan.

Cikin mako uku Aondoaver ya tayar da inji, ya gyara birki, ya kori kaji da warinsu. Obadaraif ne kawai ya ƙi. Suka duƙufa kan wayarta suna kallon bidiyon wasu Turawa masu furfura da suka ƙare rayuwarsu a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Turawan suka ce a fara duba man giya, aka sauya shi. Suka ce a duba fis, lafiyarsa ƙalau. Suka ce a bi waya. Aondoaver ya bi ta, ya tarar ba ta kai taƙi ɗaya ba ta ƙare, an naɗe bakinta da baƙin salatif.

"Ɓera ne ya cinye shi, Madam," in ji shi. Zuwairatu dai ba ta tsaya tambayar wane irin ɓera ne mai yawo da salatif ba.

Ya ƙara tsawon wayar, ya haɗa ta da wani abu a jikin giyabos mai kama da na bidiyo. Ta ɗaga makunni, fitilar ribas ta kama. Ya sauya waje, ta sake ɗagawa, hon ya ɗauka ya ƙi tsayawa, awakin maƙwabta suka watse. Dariya ta kayar da su duka biyun, har sai da ta tuna gobe Asabar.

"Madam, giyabos na wannan mota fa gajere ne, ba ya kama da na oyibo na bidiyo," Aondoaver ya ce daga ƙarƙashin motar. Ta ce masa kamara ce ke ƙara wa abu tsawo.

Ranar Asabar da hantsi ta tsayar da motar a ƙofar gida. Malam Babandi bai gan ta sosai ba, amma tun daga kwana ya gane muryarta. Ya fito ba takalmi, yana shafa ta daga fitila har but, yana dariya hawaye na zuba. Bai yarda an tsaya cin abinci ba, suka shiga ta ja su zuwa Adogi. 'Yan acaba suka rufa musu baya suna hon har bayan gari, tsoho ya dafe hula yana ɗaga wa kowa hannu, har da waɗanda ba su san shi ba.

Sai da suka juyo daga Adogi ta iya faɗa masa. Ta ce ta yi iya yinta, amma obadaraif ya mutu, ya yafe mata. Tsohon ya fashe da dariya har da tari. Abin ya ɓata mata rai ƙwarai, ta ƙanƙame sitiyari.

Ɗorawar tana nan a kan tudu, ta ƙara girma.

"Ɗaga ƙafarki daga totur," in ji shi. "Uwata, yanzu."

Ta miƙa hannu ta ɗaga makunnin, don dai kada ta saɓa masa. Ƙarar inji ta faɗi. Motar ta yi sakayau ta miƙa. Gyalenta ya tashi ya bar ta, gonakin doya suna wucewa a guje, sai ga mace mai 'ya'ya uku tana ihu tana dukan sitiyari, tsoho na taya ta, har suka kai ƙasan kwari.

Da ta tsaya tana haki ta dubi gefenta, sai ta ga hannunsa a kan sandar giya, sandar kuwa tana tsakiya, ba ta cikin kowace giya.

"Motar nan ba ta taɓa yin obadaraif ba, uwata," ya ce yana share ido. "Makunnin tsohuwar fankarmu ne na ɗaura miki. Lokacin ana wahalar fetur, ni kuma in mun zo gangara sai in sake ta a firi."