Sawun Gurgu

Ranar Laraba, 17 ga Janairu 2024, gari ya waye a Agadas da sanyi mai shiga ƙashi, sama tas, iska ko ganye ba ta kaɗawa. A ƙofar wani gida a unguwar Dagmanet, Kadidia, malamar lakwal, wato makarantar boko, tana tsaye tana kallon Bahago mai mota yana ɗaure bidon ruwa da barguna. Da ya kai hannu ga wata jakar fata, ta ce ya bari, wannan a cinyarta za ta tafi.

Mahaifinta, Malam Illiya, ya riga ya zauna a gaba. Yanar ido ta rufe masa gani, sai haske da duhu yake bambancewa. Rabin rayuwarsa ya yi yana tsaron gandun dajin Azbin, kuma duk garin ya san labarinsa: shi ne mutumin da bai rufa wa ɗan cikinsa asiri ba.

Shekara talatin ke nan. Jimina ta ƙare a gandun, saura namiji ɗaya da masu tsaro ke kira Gurgu, saboda ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ya karkace waje. Wata safiya aka ga jini a kori, wato busasshen rafi, aka ga gashin jimina a jakar Mourtala, yayan Kadidia, wanda ke aiki ƙarƙashin ubansa. Malam Illiya ya shaida cewa ɗansa ne ya harbe tsuntsun ya sayar wa masu neman man jimina, mota ta ɗauke shi ɗungurungum, ko ƙashi ba a samu ba. Aka kori Mourtala, aka maƙala wa uban lambar yabo. Mourtala ya tafi Dirkou facin taya. Uwarsu ta rasu tana tambaya ko ya zo.

Duk wanda ya zo ba da haƙuri, amsar tsohon ɗaya ce: zai yafe ranar da jimina ta sake taka korin nan.

Kadidia ce ta kawo zancen tafiyar, wata guda bayan ya kwanta a likita ta buɗe akwatinsa na ƙarfe don nemo takardun aikinsa. Ta ce ya kamata ya sake shaƙar iskar dajinsa. Ya ji daɗi. Ya ce cikin 'ya'yansa ita kaɗai ta gado shi.

Sun kwana a hanya, suka isa washegari da la'asar. Babu gini, babu rijiya, sai itacen ƙaya ɗaya a bakin kori da duwatsun murhu da wasu suka bari. Bahago ya binne gurasa a yashi mai zafi, ya ɗora shayi, ya gargaɗe su su riƙa kakkaɓe takalma saboda kunama. Tsohon ya durƙusa yana karanta yashi da yatsa: wannan dila, wannan barewa da ɗanta, wannan ragon dutse ya sauko neman ruwa. Ya sake ba da labarin Gurgu. Bahago ya ce irinsu Malam sun ƙare, yanzu mai tsaro har kare nasa zai sayar. Kadidia tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

Washegari da hantsi Bahago ya dawo daga neman itace da gudu-gudu. Ya ce akwai abin da bai taɓa gani ba a cikin kori. Kadidia tana kakkaɓe yashi daga gwiwar zaninta. Ta kama hannun mahaifinta ta kai shi.

Ya durƙusa. Yatsunsa suka bi babban yatsa mai farce, suka gangara, suka tsaya a ƙaramin da ya karkace waje. Ya matsa gaba ya shafa na biyu, ya shafa na uku. Bahago yana ta mamaki a bayansa: sawun bai nutse yadda tsuntsu mai nauyi zai nutsa ba, kuma duk ƙafa ɗaya ce, sai ka ce da tsalle ya wuce.

Tsohon bai yi hamdala ba. Ya kai hannu wuyansa, yana laluben igiyar da mabuɗin akwatinsa ke rataye. Igiyar tana nan.

"Baba, jimina ta taka kori," in ji Kadidia. "Saura alkawari."

"Mu koma gida."

"In rubuta wa Yaya?"

Ya daɗe a durƙushe, hannunsa a wuya. "Ke kika san abin da za ki rubuta."

A hanyar dawowa bai sha shayi ba, bai ƙara ambaton wata dabba ba. Bahago ya ɗauka murna ce ta kama shi.

Ranar Litinin Kadidia ta je gidan waya da ɗan kwali da wasiƙa. Ta sha rubuta wa Mourtala a shekarun nan tana yagawa, domin ita ma ba ta raka shi tasha ba ranar da ya tafi. Wannan karon layi ɗaya ta yi: "Yaya, ba kai ne za a yafe wa ba."

Ma'aikacin ya ɗora kwalin a sikeli, ya tambayi abin da ke ciki. Ta ce kayan gado ne. Ta tsaya har ya buga hatimi, ya jefa shi cikin buhun Dirkou: busasshiyar ƙafar jimina ta hagu mai karkataccen yatsa, wadda ta tarar a ƙasan akwatin mahaifinta, ƙarƙashin lambar yabonsa.