Ɓawon Lemun Tsami

Clive ya zuba giyar jin a kan ƙanƙara, ya matsa lemun tsami, ya girgiza. Shekara arba'in ke nan yana haɗa wa matarsa Glenys wannan kofi kullum ƙarfe shida.

"Baba, ka manta ɓawon lemun," 'yarsa ta raɗa masa.

"Yi shiru."

Glenys ta karɓa tana yi masa kallon baƙo, kamar kullum tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Ta kurɓa. Clive ya tsura mata ido.

Sai ta ɓata rai.

"Clive, tsohon banza! Ina ɓawon? Har yau ba ka iya ba?"

Ya buɗe tafin hannunsa, ga ɓawon da ya ɓoye. Hawaye suka zubo masa.

Wata takwas rabon da ta kira sunansa.