Tambarin Kowa da Kowa

"Abin da muka ƙirƙira mallakar duniya ne, ko tambarinmu ba za mu sa wa takunkumi ba," in ji shugaban manhajar kyauta. Ya sake shi a intanet, aka yi tafi.

Wata 'yar ƙungiyar aka bar wa neman kamfanin da ke buga riga sai an yi oda, don ribar ta riƙa biyan hayar saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke kanta. Wata da watanni ana gardama: wannan tawadarsa na zuba, wancan ba ya mutunta 'yanci. Da aka daidaita, ta buɗe shagon, ta zauna jiran gawon shanu.

Sai ga ƙanenta da tambarin a ƙirji.

"Yaya, ga rigarku! A bakin tasha na saya, rabin kuɗi. Mai bugawar ya ce a gaishe ku, Allah ya ƙara buɗi."

Ta tura wa shugaba hoton. Ya amsa: "Nasara! Duniya ta karɓe mu."

Ta rufe saƙonsa, ta buɗe na masu saba, ta sake shigar da lambar katin albashinta.