Dillalin Awaki da Tsohuwar Saniya

Ke da kika ce asma ta yanke miki hukuncin kwanciya, matso ki ji yadda wani dillalin awaki ya ƙare da tasa. Mutum ne da duk kara, kasuwar dabbobi, aka san bakinsa. In ya riƙe igiyar akuya, mai saye sai ya yi gumi har cikin hula kafin ya ji an sallama masa. Da girma ya zo sai fuka ta kama shi, ƙirji na kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. A asibiti aka ba shi maganin shaƙa, likita ta ce ya riƙa motsa jiki kullum. Har da ita sai da ya yi ciniki, ta ce kullum, ya taya ranar Juma'a, ta ƙi ragi. Da ya koma gida ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya miƙe ƙafa yana kaɗa babban yatsa, in ya gaji ya juya ɗaya gefen. Matarsa ta tambaye shi ko lafiya, ya ce umarnin likita yake bi, jiki aka ce a motsa, ba a faɗi wane yanki ba. Kasuwa kuwa sai a kan babur, daga ƙofar gida har bakin turke. Tumbi ya yi gaba, numfashi ya yi baya.

Ana nan wata mata ta kawo masa tauren da ta sha wahalar kiwonsa da dusa da harawa, ta ce ya sayar mata da daraja. Wani mahauci ya zo ya yi tayin raini, irin wanda ko zakara ba a yi wa. Dillali ya buɗe baki zai ce albarka, ƙirji ya shaƙe, kalmar ta maƙale a wuya. Sai kansa ke yin sama da ƙasa yana neman iska. Mahauci ya ce, "Jama'a ku shaida, ya gyaɗa kai, ya sallama!" Ya danƙa masa abin da ya taya, ya ja igiya. Kafin dillali ya lalubo maganin shaƙa a aljihu, taure ya kai mayanka. Mai taure ta wanke shi tas a gaban mutane, kuma da gaskiyarta. Daga ranar masu dabba suka riƙa wuce shi su miƙa wa wasu igiya, sunansa ya koma Gyaɗa-kai, abincinsa na neman kuɓucewa.

Zuciya ta ɗebe shi. Washegari ya ce ai motsa jiki ake so, yau za a gani. Ya ɗaure wando ya zura da gudu kamar wanda kura ta biyo, bai kai rijiyar unguwa ba ya zube, a kurar 'yan ga-ruwa aka maido shi gida tsakanin jarkoki. Likita ta ce ba ta aike shi kwanciya ba, ba ta kuma aike shi tsere ba. Ya shaƙi magani yadda ta nuna masa, ya yi tafiyar da zai iya hira a cikinta, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Shi da bai san tsaka-tsaki ba, sai ya rasa ma'auni, har ya lura da tsohuwar saniyar maƙwabcinsa mai ɗingishi da ake kora kiwo da safe. Ya shiga bin bayanta. In ta taka ya taka, in ta tsaya cin ciyawa ya tsaya ya maida numfashi. Masu zaman bakin hanya na yi masa tsiya, wai shi ya saye ta ko ita ta saye shi. Ya ci gaba da bin ta, iskar amsawa ma tattalinta yake yi. Yau rijiya, gobe bayan makaranta, yana kauce wa hayaƙin masu tuyar ƙosai, har saniyar ta fara yi masa nawa ya bar ta a baya.

Fukar ba ta bar shi ba, magani na nan a aljihu, amma tashinta ya yi nisa. Ranar da ya fara isa kara da ƙafarsa, hantsi ya dubi ludayi, dillalai masu babur sun kwashe dabbobin kirki, sai wata ramammiyar tunkiya da kowa ya ƙi aka miƙa masa. Ya riƙe igiyarta. Wani falke ya zo ya taya da azahar. La'asar ta yi dillali na tsaye yana zuba, falken ne ya nemi kujera da ruwa, ya biya abin da aka ce yana haki.

Shi ya sa Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.