Barkar Biri a Tsibirin Kwakwa

Da hantsi lasifikar masallaci ta sanar: "Jama'a, birinya Mai-Tabo ta sauka lafiya, tagwaye!"

Nan take guɗa ta kaure tsibirin. Tun lokacin da biran kurminmu suka kusa ƙarewa aka kafa doka: duk birin da aka haifa sai an je masa barka, kuma ba a sare bishiyar da ya faɗo duniya a kanta.

Inna Kande, tsohuwar ungozoma, ta dama kunun kanwa. Jikarta Tasalla, matar Barau mai gadin kurmi, ta ɗauko ƙwaryar, muka bi su da mangwaro da ayaba.

A gindin bishiyar Inna ta ɗaga kai. "Barka da arziki, maijego! Allah ya raya."

Maijego ta diro, jariran maƙale a cikinta, ta fizge ludayin ta haye sama. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Inna," in ji Barau, "yaushe rabonki da yanke cibiyar ɗan mutum?"

Dariyar ta tsaya. Autan yaran tsibirin nan har ya fara gemu.

Inna kuwa Tasalla take kallo, wadda ƙamshin kunun ya sa ta kauce tana tofar da yawu. Ta kama hannunta, ta duba fararen idanunta, ta daɗe tana dubawa.

Sai ta rangaɗa guɗar da ta tarwatsa biran.

"Barau, je ka gyara lasifikar nan. Bana sunan mutum za ta kira!"