Barcin Jariri a Gindin Hekla

Ashana ta sake mutuwa a hannun Ketill tun kafin ta kai bakin risho. Ya miƙe yana dafe da kai, ya ce wa matarsa, "Kofi dai sai mun koma gida, Steinunn. Ashanar nan taki ta sha ruwa."

"Kai ne dai ba ka iya ba," in ji ta, tana gyara wa jaririnsu Ari bargon ulu a cikin kekensa na turawa.

Mu nan ƙasarmu mai tsananin sanyi ba ma kwantar da jariri a ɗaki da rana, ko da ƙanƙara ake zubawa. A waje yake barci, inda sanyi ba ya bugu. Steinunn kuwa ta dace da wani ɗan kwari da ya yi luf a gindin Hekla, dutsen da bai daɗe da gama aman wuta ba, har wasu tumaki sun kwanta a ciki. Nan ta bar keken, suka hau tudu kallon ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin baƙin dutse yana zubowa fari fat.

Ko kukan tsuntsu babu. Ari da ya wuni yana tsala ihu ma ya yi tsit, abin har ya yi wa Steinunn daɗi.

Can sai ta hango wani tsoho a ɗaya tudun, ya ƙura wa keken ido. Kafin ta taɓa mijinta, tsohon ya gangaro a guje, hularsa toshe a hanci.

"Baba, lafiya? Kai! Kada ka taɓa min ɗa!" in ji Steinunn.

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya fizgi yaron ya haura da shi. Suka bi shi ta kan tudu, Steinunn na faɗuwa tana tashi, tana kiran sunan ɗanta.

Suka cim masa durƙushe yana haki, yana bubbuga bayan jaririn da ya saki jiki sharaf. Ketill ya shaƙe wa tsohon wuyan riga. Sai Ari ya yi tari, ya callara kuka.

"Sake ni, ɗan nan," in ji tsohon. "Tun da dutsen nan ya yi amai, gubarsa ke taruwa a kwarin, ba wari, ba hayaƙi. Tumakin can nawa ne, kuma ba barci suke yi ba."